Ɗan Wani Da Kuɗin Kowa

Akwai wata magana da ta daɗe tana ta da gardama tsakanin masu hankali, watau ko daidai ne Hukuma ta ɗebi kuɗi daga Baitulmali, kuɗin da aka tara daga gumin kowa da kowa, ta kashe su don ta komo da ɗan wani mutum makaranta bayan ya gudu. Waɗansu suna cewa wannan ɓarna ce, gama wanda ya haifi ɗa shi ne da nauyinsa. Waɗansu kuma suna cewa wajibi ne, gama ɗa na kowa ne. Ko wane ɓangare yana da hujjarsa, kuma ba hujjar banza ba ce. Saboda haka ya kamata a auna su a hankali, kamar yadda mai awo yake shafe bakin mudu kafin ya juye.

Ba inda ya fi dacewa a duba wannan al'amari kamar Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda a takardun Hukuma ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, cikin Ƙaramar Hukumar Fagge. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a daɗe ba aka yanka wa baƙin da suka biyo shi unguwa a bayan ganuwa, aka sa mata suna Sabon Gari. Daga nan kasuwa ta tsiro, ta yi ta bunƙasa, har yau ga ta nan ta haɗe da 'Yankura, tana maƙwabtaka da Singa da Kantin Kwari. Bahaushe da Inyamuri da Bayarabe da Babarbare duk suna cin abinci a cikinta.

Wanda ya ratsa ta wajen Bata ran Litinin ko Talata da hantsi, lokacin da ko wace makaranta take cike da karatu, zai ga yara ba iyaka. Wani yana tura baro, wani ya ɗauki leda yana bin matan da suka zo cefane, wani yana jiran dako a ƙofar shago. 'Yan mata kuwa ga su nan da farantai a ka, wannan da gyaɗa, wannan da awara, waccan da ruwan leda a bokiti. In aka lura da kyau, sai a ga waɗansunsu wandon makaranta ne a jikinsu, rigar ce kawai aka tuɓe aka cusa a jaka.

To, a nan akwai bambanci da ya kamata mai karatu ya riƙe. Yaron da ba a taɓa sa shi makaranta ba daban yake, haka kuma almajirin da ya zo daga wani gari neman karatun allo, wannan maganarsa mai zaman kanta ce. Wanda ake nufi a nan shi ne yaron da sunansa yake cikin rajista, malami yana kiran sunan ko wace safiya, ba mai amsawa. Wannan shi ake ce wa mai fashin makaranta. Ya zo yau, gobe babu shi, jibi ya zo da rana ta take. Ana ganin abin kamar ƙarami ne, amma a yi lissafi. Kwanakin makaranta biyar ne a mako. Yaron da yake fashin kwana biyu ko wane mako, in ya gama shekara shida ta firamare, abin da ya zauna a aji bai cika shekara huɗu ba. Kuma ba a jere ya zauna ba, ya ji farkon darasi bai ji ƙarshensa ba, ya ji ƙarshen wani bai ji farkonsa ba. Irin wannan yaro shi ne zai fita da takardar shaida a hannu, amma bai iya karanta abin da aka rubuta a kanta ba.

Kafin a yi hukunci sai a san dalili. Mutane da yawa suna zaton ƙiwuya ce kaɗai take kore yaro daga aji. Lalle akwai yara masu ƙiwuya, amma su ne kaɗan. Na farko cikin dalilai shi ne yunwa. Yaron da ya fito gida bai karya ba, in ya ji ƙarfe goma ta buga ciki yana kuka, ya san in ya kai kasuwa ya ɗauki kaya sau biyu zai sami na ƙosai, in ya zauna a aji kuwa ba abin da zai samu sai hamma. Na biyu shi ne talla. Uwa tana cikin kulle, tana da 'yar sana'arta, ba ta da ƙafar da za ta kai kayan kasuwa sai ta 'yarta. Da ribar tallan nan ake zubin adashi, da adashin ake tara kayan ɗaki, kuma uwar da ta aurar da 'ya ba kayan ɗaki ta san irin gorin da za a yi mata. Na uku shi ne ƙananan kuɗin da ake nema: na tufafi, na littafi, na jarrabawa, na wannan da na wancan. An ce karatu kyauta ne, amma yaron da aka koro sau biyu don bai kawo abin da aka nema ba, ran na uku da kansa zai karkata ya nufi kasuwa. Na huɗu ita ce makarantar kanta. In aji ya cika maƙil, yara suna zaune a ƙasa, rufi yana yoyo, ba ruwa, ba makewayi, malami kuma ya zo ko bai zo ba, me zai riƙe yaro? Yarinyar da ta fara girma kuwa, rashin makewayi kaɗai ya isa ya zaunar da ita gida kwanaki a ko wane wata.

Duk wanda ya dubi dalilan nan huɗu zai ga ba wanda bulala take warkarwa a cikinsu. An kuwa gwada bulalar. Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, iyaye suka yi ta ɓoye 'ya'yansu. Akan raba wa hakimai da dagatai yawan yaran da za su kawo, masu hali su fanshi nasu, a kama na talakawa da na barori. In yaro ya gudu, sai a tura dogari ko ɗan doka ya taso ƙeyarsa. Amma ko a zamanin nan En'e ba ta dogara da tilas kaɗai ba. 'Yan makarantar Midil daga Baitulmali ake ciyad da su, a ɗinka musu tufafi, har a ba su ɗan kuɗin kashewa. Da yawa daga cikin waɗanda suka zama manyan Jihar Arewa da wannan tuwo suka yi karatu. Ashe ke nan kashe kuɗin jama'a don a riƙe yaro a aji ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Yanzu bari a saurari mai ƙin wannan magana, a kuma saurare shi da adalci. A ɗauka wani ɗan kasuwa ne mai shago a Sabon Gari, yana biyan kuɗin haya, yana biyan na shara, yana biyan harajin da aka aza masa. Zai ce: “Ni na matse bakin aljihuna na sa 'ya'yana makaranta, ban nemi taimakon kowa ba. Maƙwabcina ya haifi nasa ya sake su. Yanzu kuma a ɗauki harajina a ciyad da su, har a ba uwarsu kuɗi don ta daina ɗora musu talla? Ashe mai sakaci shi ne da lada, mai ƙoƙari kuwa ko oho!” Wannan magana tana da nauyi. Gaskiya ne nauyin ɗa yana kan ubansa tun farko, addini ya faɗa, al'ada ta faɗa, kuma duk taimakon da zai sa uba ya manta da wannan, ya zama cuta.

Amma akwai abu uku da ɗan kasuwan nan bai auna ba. Na farko, laifin wa ake hukuntawa? In uba ya yi sakaci, uban ne mai laifi. Yaro ɗan shekara takwas bai zaɓi gidan da za a haife shi ba, bai zaɓi talaucin uwarsa ba. In aka ce kada a taimake shi don kada ubansa ya ji daɗi, to, an bar mai laifi yana yawonsa, an ɗaure wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Uban yana iya gyara halinsa baɗi, amma shekarun ƙuruciyar yaron in sun wuce ba su komowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Balle ma ba ko wane gida ne yake da uban da za a zarga ba. Akwai marayu, akwai 'ya'yan zawarawa, akwai na marasa lafiya.

Na biyu, kuɗin da yake jin ciwon a kashe, an riga an kashe mafi yawansu. Hukuma ta gina aji, ta ɗauki malami tana biyansa ko wane wata, ta rubuta sunan yaron nan cikin waɗanda aka gina ajin dominsu. Ko yaron ya zo ko bai zo ba, albashi yana fita. In bai zo ba, kuɗin sun tafi a iska. Abin da ake nema a ƙara don a jawo shi, kaɗan ne bisa ga abin da aka riga aka zuba. Mutumin da ya haƙa rijiya da kuɗi masu yawa sa'an nan ya ƙi sayen igiya, ba tattali ya yi ba. Shi ne Hausawa suke cewa rijiya ta bayar, guga ya hana.

Na uku, jahilcin ɗan maƙwabci ba ya tsayawa a gidan maƙwabci. Mutanen Sabon Gari ba su manta da gobarar watan Maris na 2016 ba, wadda ta tashi da dare ta cinye dubban shaguna. Wutar nan ba ta tsaya ta tambayi wane ne ya yi sakaci, wane ne ya kashe fitilarsa kafin ya tashi ba. Ta ci na mai kula kamar yadda ta ci na marar kula. Shi ya sa ba a taɓa jin ɗan kasuwa ya yi ƙorafi don an sayi motar kwana-kwana da kuɗin jama'a ba, ko da shagonsa bai taɓa kamawa ba. Yaran da suka tashi ba karatu ba sana'a haka suke. Ba dukansu ne za su lalace ba, da yawa za su yi zaman mutunci cikin wahala. Amma daga cikinsu ne ake samun 'yan daba da masu ƙwacen waya, daga cikinsu ne mai neman tada fitina yake samun runduna da arha. Ran da hargitsi ya tashi, kasuwa ake fara nufa. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kan tuwon ɗan makaranta, za a kashe ninkinsu a kan ɗan sanda da alƙali da gidan yari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma mai wata hujja dabam. Shi cewa yake yi kasuwa ma ai makaranta ce. Ga Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, bai shiga makarantar boko ba, amma a zamaninsa ba a san attajirin da ya fi shi ba a Afirka ta Yamma. Ga kuma masu digiri suna yawo da takardu ba aiki. Me zai sa a fizge yaro daga inda yake koyon neman na kansa, a kai shi inda zai fito yana jiran a ba shi?

Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Yaron shago da ya zauna gaban maigida mai amana yakan koyi ciniki da haƙuri da sanin mutane, abin da ba allon da zai koya masa. Amma sai a tambaya, yara nawa ne cikin masu turin baro da sayar da leda suke koyon ciniki? Dako ba ya koya wa mutum kome sai ciwon wuya. Sa'an nan kasuwar yau ba ta zamanin Ɗantata ba ce. Yau ana biyan kuɗi ta waya, ana odar kaya daga Sin da Dubai, ko wane kwali yana da rubutu da ranar lalacewarsa. Wanda bai iya karatu ba, sai ya miƙa wa wani wayarsa ya duba masa ko kuɗi sun shigo, watau ya ba wani mabuɗin asusunsa. Shi kansa gidan Ɗantata bai tsaya inda kakansu ya tsaya ba. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote sai da ya yi karatu har jami'a sa'an nan ya kama kasuwanci. Ba wanda ya ce a raba yaro da kasuwa. Abin da ake cewa shi ne a bar masa safiyarsa ya koyi karatu da rubutu da lissafi, in ya so da la'asar da ran Asabar ya je shago. Ɗan kasuwa mai ilmi ya fi ɗan kasuwa jahili, ko da jarinsu ɗaya.

Bayan wannan akwai wata ƙa'ida wadda ita ce gindin maganar duka. Wanda ya wajabta wa mutum abu, haƙƙi ne a kansa ya sauwaƙe masa hanyar yinsa. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa. A 2004 aka kafa doka wadda ta ce ko wane yaro sai ya yi karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta kuma tilas. Dokar ta ce uban da ya ƙi, karo na farko a yi masa gargaɗi, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Jihar Kano ita ma a 2019 ta shelanta karatu kyauta kuma dole. To, da Hukuma ta ce dole, ta ɗaura wa kanta igiya. Ba ya yiwuwa a ce wa bazawara mai 'ya'ya biyar ta sauke farantin da yake ciyad da gidanta, in ta ƙi a ci ta tara, alhali ba a nuna mata abin da za su ci ba. Wannan ba doka ba ce, zalunci ne da tufafin doka.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun bi ta wannan hanya. A Ingila an sa dokar tilasta zuwa makaranta a 1880, aka ɗauki ma'aikata suna bin gida gida suna neman masu fashi. Da aka ga talaka ba ya iya biya, a 1891 aka yafe kuɗin makaranta. Da aka ga mai yunwa ba ya fahimta, a 1906 aka ba hukumomin gari izni su ciyad da yara daga kuɗin haraji. Ga tilas, ga kyauta, ga abinci, ɗaya yana jawo ɗaya. A Indiya, a 2001 Kotun Ƙoli ta umurci jihohi su riƙa ba 'yan firamare dafaffen abinci da rana. A Burazil, daga 2003 aka riƙa ba gidajen talakawa ɗan kuɗi ko wane wata, yawanci a hannun uwa, da sharaɗin yaro ya halarci aji kwana 85 cikin ko wane 100. A gundumar Busiya ta ƙasar Kenya kuwa, daga 1998 aka gwada ba 'yan makaranta maganin tsutsar ciki, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai aka ga fashi ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Ashe waɗansu yaran da ake zagi da ƙiwuya, ciwo ne yake kwantar da su.

A Kano ma an gwada. Zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso an ciyad da 'yan firamare, an raba musu tufafi. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta soma nata shirin na ciyad da 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan Naira 70 ko wane yaro a yini. Malamai sun shaida ran da tukunya ta zo aji yakan cika. Amma a nan ne hujja ta uku take fitowa, wadda ta fi sauran zafi. Mutane suna cewa: “Mun ji, mun yarda. Amma kuɗin nan ba za su kai bakin yaron ba. Za a rubuta sunayen ƙarya, a ba 'yan siyasa kwangila, ƙwai ɗaya a raba wa yara huɗu. In gwamnati ta sauya kuma shirin ya mutu.” Ba mai musun cewa an ga irin wannan. Shirin Tarayya ɗin nan ma an dakatar da shi a farkon 2024, lokacin da ake binciken hukumar da take riƙe da shi.

Sai dai a lura, wannan hujja ba ta ce taimakon yaro kuskure ne ba, cewa ta yi akwai ɓarayi. Wanda ɓera ya shiga rumbunsa ba ya daina noma, toshe ramin yake yi. Kuɗin Baitulmali amana ne. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, har da yadda za a tara dukiyar jama'a ta halal a kuma kashe ta inda ya dace. Wanda ya ci kuɗin tuwon maraya ya ci amana biyu, ta mai biyan haraji da ta yaron. Maganinsa kuwa idon jama'a ne. Ɓarawo ba ya son haske.

To, in an yarda a kashe, a kan me za a kashe? A fara da mai arha. A tabbata ana kiran suna da gaskiya ko wace safiya, in yaro ya yi kwana uku ba a gan shi ba a sami wanda zai taka ya je gidansu, ba da sanda ba, da tambaya. A hana korar yaro don kuɗin da doka ba ta san da su ba. A gyara famfo da makewayi. A ba da maganin tsutsa da na zazzaɓi. A ciyad da yara, a sayi kayan abincin daga manoman jiha, a ba matan unguwa aikin dafawa, don uwar da aka hana ta ɗora talla ta sami wata hanya. A buɗe ajin yamma kusa da kasuwa domin yaran shago da suka riga suka girma. Sa'an nan daga ƙarshe, gidajen da aka tabbata ba su da yadda za su yi, a ba su ɗan abin da zai maye ribar farantin, bisa sharaɗin in yarinya ta daina zuwa, kuɗi su tsaya. Da haka ba a sauke wa uba nauyinsa ba, an dai kama masa ne ya ɗauka. Wanda kuwa yake da hali ya ƙi, bayan an yi masa duk wannan, shi ne doka ta dace da shi.

'Yan kasuwa su ma suna da rabonsu wanda ba ya bukatar ko kwabo daga Hukuma. Da shugabannin layuka na Sabon Gari za su haɗa baki su ce ba mai ba yaro ƙarami dako ko aike kafin azahar a ranar makaranta, da kasuwa ta daina jan yara kamar yadda zuma take jan ƙuda. Mai ba yaro Naira ɗari ya ɗaukar masa kaya da hantsi yana jin taimako ya yi, alhali ya sayi safiyar yaron ne da arha.

Saura yadda za a nema. Kuɗin Hukuma ba su zuwa da kansu, kuma ba su bin mai kuka, sai mai hujja. Dokar 2004 ta keɓe kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, har an sha samun kuɗi masu yawa suna kwance a Abuja don waɗansu jihohi ba su kawo nasu ba. A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya shelanta dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Kano. Irin wannan shela alkawari ne, kuma alkawari kaya ne, wanda aka yi wa yana da ikon tuni. Ko wace shekara ana kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Dokoki ta jiha kafin ya zama doka. Lokacin nan ne na magana, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen unguwa su taru da mai unguwa da liman da shugaban makaranta da kwamitin iyaye. Su ƙidaya yaran da suke cikin rajista, su ƙidaya waɗanda suke zuwa, su bincika dalilin ko wane mai fashi. Sa'an nan su rubuta takarda gajera: ga yawan yara, ga dalili, ga abin da ake bukata, ga abin da unguwa za ta yi da kanta, ga kuma dattawan da za su sa ido a kan kuɗin. A kai wa kansila da Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma, a ba hakimi kwafi, a ba ɗan majalisa kwafi, a ajiye ɗaya. In wata uku ya wuce ba amsa, a koma da ladabi a tuna. In kuɗi sun fito, a manna lissafinsu a bangon makaranta inda kowa zai karanta. Wannan ba bara ba ce. Mai biyan haraji ne yake faɗa wa mai riƙon amana inda yake so a sa dukiyarsa.

Wa zai yi wannan aiki? Ba wanda ya fi cancanta kamar mutumin da ya koyi karatu da girmansa. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Jihar Arewa ya nemi a gyara mulkin En'e, a kuma wayar da kan talakawa, ba a daɗe ba aka kafa Yaƙi da Jahilci. A 1980 Gwamna Abubakar Rimi, wanda kasuwar nan take ɗauke da sunansa, ya kafa hukumar ilmin manya ta Jihar Kano. Duk wanda ya fito daga irin waɗannan azuzuwa ya san zafin dangwala yatsa a takardar da bai san abin da take ƙunshe da shi ba. Ya san kunyar kai wa yaro wasiƙar sirri ya karanta masa. Ya san wahalar zama a kan benci da furfura bayan ya yini yana neman abinci. Shi ma da kuɗin jama'a aka biya malaminsa, ba wanda ya ce masa ubansa ne ya yi sakaci, ya je ya nemi ubansa. Bashi ne ya ci, kuma hanyar biyansa ita ce ya ɗauki alƙalamin da aka koya masa riƙewa ya rubuta domin yaron da bai iya rubuta wa kansa ba.

Ɗa na ubansa ne wajen haihuwa da reno, wannan ba mai ja. Amma in ya girma, gari ne zai zauna da shi, ko ya zama mai gina shi ko mai rushe shi. Tun da gari ne zai girbe, bai kamata gari ya ƙi sa hannu a shuka ba. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya ba talakawa ƙarfin zuciyar tambaya, Ya shiryi 'ya'yan kowa. Amin.